Shirin da Baba Ummaru Tela Ya Yi wa Likitocin Birni

Cikin shekarun da na yi ina aikin lafiya, akwai ranar da har yau ta ƙi barin raina, wato ranar da na raka Baba Ummaru Tela birni don a tantance shi. Lokacin ni ne incaji, wato shugaban ma'aikata, a wani ƙaramin asibiti a yankin Bukkuyum. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne na karkara, amma a ƙauye duk wanda ya riƙe allura likita ne, kuma tuni na gaji da gyara wa mutane.

Baba Ummaru ya daɗe yana fama da ciwon suga. Ɗinki yake yi a rumfarsa ta kasuwa, dattijo mai son a gan shi tsaf, ko awon jini zai zo sai ya kafa hula ya shafa turare. Ƙwayoyin da muke ba shi sun daina riƙe sugan, idonsa kuma ya fara hazo. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin ba mu da na'urar duba cikin ido, kuma na san inda hazon nan yake kai mutum in ba a tare shi da wuri ba.

Bayan babbar sallah, wani abokin karatuna da ke aiki a wani babban asibiti a birni ya turo saƙo a zaurenmu na ma'aikata a waya, cewa ana neman masu ciwon suga da za su shiga gwajin wani sabon magani. Ga waɗanda ba su taɓa ganin irin wannan aiki ba, ga yadda yake. Kafin magani ya shiga kasuwa, likitoci masu bincike sukan gwada shi a kan marasa lafiyar da suka amince da bakinsu, bayan an yi musu bayani dalla-dalla. Wasu a ba su sabon, wasu su ci gaba da tsohon, a kwatanta. Ba a yi wa kowa alkawarin warkewa, kuma mutum yana iya fita duk ranar da ya ga dama. Amma muddin yana ciki, za a riƙa duba jininsa da ƙodarsa da idonsa a kai a kai. Duban idon nan nake kwaɗayi wa Baba Ummaru, ba sabon maganin ba.

Sai dai ba kowa ake ɗauka ba, sai an tantance. Waɗanda sugansu ya ƙi sauka duk da suna shan magani, su ake nema. Na zaunar da shi da maiɗakinsa, Inna Kulu, na yi musu bayani. Na ce ya ci abincinsa, ya sha ƙwayarsa yadda ya saba, kada ya canza komai. Ya ce, "To, likita, Allah shi saka." Inna Kulu ma ta gyaɗa kai daga bakin ƙofa.

Ranar tafiya sai da rana ta ɗaga motoci suka tashi a jere, kamar yadda hanyarmu ta koya mana saboda 'yan bindiga. Baba Ummaru ya sha farar shadda da ya ɗinka wa kansa. A tasha na sayi ƙosai na miƙa masa, ya ce ya karya tun a gida. A hanya bai cika magana ba, na ɗauka fargabar hanya ce, don ni ma ita ce a cikina.

Muna zaune a benci a ofishin masu bincike, muna jiran a kira mu, sai na ga zufa tana keto masa, hannunsa yana rawa. Na yi masa magana, ya amsa da abin da ban gane ba, sannan ya sulale a kafaɗata. Nas ta soki yatsarsa ta duba, sugan ya faɗi ƙasa warwas. Aka ɗauke shi ranga-ranga, aka ɗaura masa ruwan suga ta jijiya. Da a mota abin ya same shi, ban san abin da zan je in faɗa wa Inna Kulu ba.

Da ya farfaɗo na matsa kusa da gadon. "Baba, mi kac ci yau?"

Ya kau da kai. "Ban ci komi ba, likita. Tun Jumma'a nike azumi, in sha ruwa da shuwaka da saƙe-saƙin maɗaci. Ƙwayar ma bibbiyu nike sha."

Raina ya ɓaci har muryata ta ɗaga. "Haba Baba! Mi nac ce maka?"

"To ba tantancewa ta ba? Alhaji Garba na majalisarmu ya ce da za su Makka haka yay yi, har likita ya yaba jininai. Ka ɗauko ni tun daga gida, in zo gaban manya da jini mai dauɗa in ba ka kunya?"

Nan fushina ya mutu, tausayi ya maye gurbinsa. Na gyara masa hularsa da ta faɗo gefen matashi.

Likitar da ke jagorantar binciken ta kira ni ofishinta. Ta ce awon da ke nuna yadda suga ya kasance a watannin baya ya fito, kuma nasa sama yake sosai, azumin 'yan kwanaki ba ya ɓoye shi. Wato da ya zo yadda yake, irinsa ake nema. Amma a ƙa'idar binciken, duk wanda sugansa ya faɗi har ya suma kwanan nan ba a ɗaukarsa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ba ciwon ne ya kayar da shi ba, yunwa ce. Ni shaida ne."

Ta ce, "Na yarda da kai, incaji. Amma don kare shi aka sa dokar, kuma ba ni da ikon ɗaga ta. Ku dawo bayan wasu watanni, in ba mu cika ba."

Ban ga laifinta ba, ko a lokacin. Kafin watannin su cika, abokina ya kira ni ya ce sun rufe ɗauka. Tun a ranar likitar ta ba mu takardar zuwa sashen ido, amma wannan layi ne na kowa da kowa, ga nisa, ga hanya. Sau ɗaya ya je, bai samu ganin likita ba, bai sake komawa ba. Damina ba ta zagayo ba sai da idon dama ya tafi, na hagu kuma inuwa kawai yake gani.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu sun saba duk inda aka ce tantancewa, mai rauni ake nema a mayar gida, ko aikin hajji ne ko ɗaukar aiki. Ba a taɓa kiransu wani wuri saboda ciwonsu ba, don haka bayanin zama ɗaya ba ya ture abin da majalisa ta sani shekara da shekaru. Yanzu duk wanda zan tura, sai na bi shi har gida, na tara iyalinsa da abokan hirarsa, na ce ciwon ake son gani, a kai shi yadda yake.

Shi kam Baba Ummaru har yau bai karɓi wannan bayani ba. Zuwana na ƙarshe na same shi a zaure, ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Likita, kai ka yi iyakar ƙoƙarinka, ni na hwaɗi. Da na jure na ƙara kwana biyu bisa azumin nan, halan da sun ɗauke ni."