Motar da Za Ta Iya Lungunmu

Ana idar da sallar asuba muka fita ta Ƙofar Doka, wata Talata a farkon kaka, ni da wani bakanike ɗan Wusasa wanda na yarda da kunnensa fiye da idona a sha'anin inji. Abu uku nake ɗauke da su. Na farko, naira dubu tara da ɗari huɗu a ɗinke cikin ɗamara, abin da na tara ke nan a shekara goma sha tara ina dillancin auduga da gyaɗa a kan motocin mutane. Na biyu, mako biyar da suka rage a buɗe kasuwar auduga. In ta buɗe ba ni da mota, bana ma haya zan yi. Na uku, igiyar rama mai ƙulli biyu a aljihun riga.

Ga dalilin igiyar. Gidanmu yana Ƙofar Jatau, a ƙarshen wani lungu da kakanni suka bari don jakai. Mahaifiyata ta tsufa, ido ya tafi, ƙafa kuma ba ta kai ta bakin titi. Da kuɗin daddawarta na sayi buhun gyaɗata na farko. Da na gaya mata zan sayi babbar mota, ba ta tambayi kuɗinta ba. Cewa ta yi, "In ka saya, ka kawo ta ƙofar gida in taɓa. Ni ba na son labari." Na ce to, Inna. Sai na auna faɗin lungun a inda ya fi matsewa, na yi ƙulli. Na auna daga ƙasa zuwa indararon maƙwabcinmu, na yi na biyu. Duk motar da ta wuce ƙullin nan, ko ta zinariya ce, ba tawa ba ce.

Naira ɗaya ɗaya muka biya zuwa Kano. Dawa ta sunkuya da nauyi hagu da dama, raɓa na tashi daga gonaki kamar hayaƙin girki. Na jingina da buhun wani, ina kallon rimayen Zariya suna nutsewa a bayanmu, ina ganin sunana a rubuce da koren fenti a goshin motar da ban saya ba tukuna.

A Kano muka kwana biyu muna zagaya filayen sayar da motoci. Na Ingila su suka fi yawa, su suka fi araha, domin tun da aka sauya hannun tuƙi shekara biyu da suka wuce, mai sitiyari a dama ta zama abin tausayi. Direba ba ya ganin abin da ke tahowa in zai wuce wata, sai na gefensa ya leƙa ya ce masa "shiga." Tan bakwai suke ɗauka, hanci dogo, inji mai sauƙin hali wanda ko maƙerin ƙauye zai iya lallaɓawa. Amma ni ba zan ɗora raina da audugata a kan leƙen wani ba. Na Japan sababbin zuwa ne, fenti na ƙyalli, ba sa shan mai, sai dai da na ƙwanƙwasa ƙofa na ji ƙarfen kamar gwangwanin madara, kayan gyaransu kuma sai an aika Ikko.

Abokin tafiyata ba ya kallon fenti. Sai a ta da inji, ya kafa bakin sukundireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya rufe ido kamar mai sauraren karatu. Ya ce kowace ƙasa da muryar injinta: na Ingila tari yake yi irin na dattijo, na Japan raɗa, na Jamus kuwa magana ɗaya yake maimaitawa ba ya gajiya.

Ta Jamus ɗin guda muka samu mai kyau. Shekararta biyu a hanya, sitiyari a hagu, tan goma, gas take sha, birkinta da iska yake aiki, hancinta gajere a dunƙule kamar na ɗan maraƙi. Na fito da igiya na auna. Faɗi ya rage yatsa huɗu, tsayi ya rage taƙi guda. Dillalin, wani Bakano mai ƙaton tumbi, ya tsaya yana kallona.

"Bazazzagi, mota ka zo saya ko rago?"

Na ce, "Ai ku Kanawa sai da igiya. In ba haka ba ku sayar wa mutum raƙumi ku rantse zai shiga akurki."

Ya yi dariya har hularsa ta zame, ya ce dubu goma. Na ce zan dawo. Ba tsada ce ta kore ni ba. Shekaru ina jin labarin motocin Faransa masu ratsa hamada, kuma na yi wa kaina alkawarin ba zan saki kuɗina ba sai na gan su da idona.

Muka bi ta Daura muka ƙetare iyaka. Jandarma ya juya igiyata ya sake juyawa, bai gane mata laifi ba, ya mayar mini. Daga nan ƙasa ta buɗe. Dawa ta ƙare, gero ya karɓa, itatuwa suka yi nisa da juna, sama ta sauko har ta taɓa ƙarshen hanya. Bayan farin da aka sha, ganin zangarniya a tsaye ya sa kowa a motar yana ta hamdala. A wani ƙauye muka sha fura da nono na dala biyar tasu, mai kauri har ludayi na tsayawa. Burodinsu dogo ne kamar sanda. Abokina ya ce in an gama ci ana iya kora akuya da saura.

Da hantsi muka shiga Damagaram, garin da manyan duwatsu ke zaune a tsakanin gidaje kamar su ma mazauna ne. A tashar arewa na gan su. Can kamyo suke ce wa babbar mota. Guda uku sun iso daga Agadas, kaya a kansu ya yi tudu, dabino da gishiri da tabarmi, mutane a can ƙoli da rawuna, salkunan ruwa na reto a gefe. Tayar kowace ta kai mini ƙirji. Ƙafa shida, kuma duka shidan suna ja, ba kamar namu da na baya kaɗai ke turawa ba. Bututun shan iskarta a sama yake kamar wuyan raƙumi, don kada ta shaƙi rairayi. Tan ashirin ba ya damunta.

Mai ɗaya daga cikinsu, wani tsohon direba ɗan Agadas da gemunsa ya yi fari, yana neman ya sayar ya huta, kuma kuɗin da ya faɗa da aka juya shi naira bai fi ƙarfin ɗamarata ba. Ya ɗauke mu muka fita bayan gari. Daga kujerar nan mutum yana kallon duniya daga sama, kamar wanda ke kan soro, soron kuma yana tafiya. Ya sauka daga hanya ya shiga rairayi, motar ba ta ko yi nishi ba. Iska mai ɗumi na shigowa, injin na gurnani can ƙasa, sai na ga kaina na bar auduga, na bar cinikin kwabo da sisi a bakin sikeli. Na ga kaina ina kai goro da atamfa inda ba hanya sai taurari da ƙashin raƙuma, ina dawowa da dabino, ana cewa ga motar Bazazzagi ta iso. Ban taɓa son wani abu na ƙarfe kamar yadda na so motar nan ba.

Da muka dawo tasha na fito da igiya, hannuna ba ya so. A faɗi ta wuce ƙulli da kamu guda. Tsayi kuwa ba a magana. Abokina ya fara lissafa mini cewa tana shan gas ninki biyu, kayan gyaranta sai Yamai, gadojin ƙauyukan auduga ba za su ɗauke ta ba. Duk gaskiya ne. Amma in faɗa muku tsakani da Allah, ba lissafinsa ya hana ni ba. Na zauna a gindin tayarta har la'asar ina neman dabara. Na ce in ajiye ta a Ƙofar Doka in kwatanta wa Inna da baki. Sai na ji muryarta: ni ba na son labari.

Tsohon ya ga igiyar ya tambaya, na ba shi labarinta. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, lungun naku miƙe yake?"

Na ce akwai kwana ɗaya, wajen rijiya.

"Ka auna ta?"

Ban auna ta ba. Shekara goma sha tara ina auna kayan mutane, ban taɓa jin kunyar awo irin ta ran nan ba.

Ya durƙusa ya zana mini a ƙasa da yatsa. Ya ce ba faɗi kaɗai ke hana mota shiga gari ba, tsawon hanci ne da nisan da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Ya zana ta Amirka, hanci kamar kwalekwale, ya ce ƙasarsu fili ce, ba su san lungu ba. Ya zana ta Italiya da ke zuwa musu daga Libiya, fuska a shafe, direba zaune a kan inji yana gasuwa. Ya zana tasa, ya ce wannan an yi ta ne don inda ba bango. Sannan ya zana ta Jamus. "Kowa irin hanyar garinsu yake ƙera wa mota. Waɗannan da alama suna da tsofaffin garuruwa irin naku, shi ya sa suka rage hanci. In akwai mai iya kwanar nan, ita ce. Amma ban ce za ta iya ba."

Da wannan "ban ce ba" na koma Kano. Muka yini muna ja da Bakano, muka tsaya a dubu takwas da ɗari tara, ya rantse na yanke shi, na rantse ya yanke ni, muka ci tsire tare. Washegari abokina ya kama sitiyari muka nufi gida. Tun daga Kwanar Dangora ba na ganin gona ba na ganin rimi, rijiyar nan kawai nake gani.

Bayan la'asar muka shiga birni. Kafin mu kai bakin lungu unguwa ta fito. Muka naɗe madubai biyu. Motar ta sa kai a hankali, bango na wucewa dab da ƙofa har ina jin ƙamshin jar ƙasa. A rijiya ta tsaya. Gaba, baya. Gaba, baya. Masu ba da shawara sun fi arba'in, kowa da hannun da yake nunawa. Wani dattijo ya ce, "Malam, ka sauke ta ka ɗauka a ka mana!" Abokina gumi ya jiƙa masa riga, yana ta murɗa sitiyari. A karo na bakwai hancin ya zagaye, tayar baya ta goge bakin rijiya, sai ga zauren gidanmu a gabanmu. A daidai nan muka ji ƙwas a sama. Tayar ta hau wani tudun ƙasa da ban lissafa ba, indararon maƙwabci ya sauko gida biyu.

Aka riƙo Inna zuwa ƙofa. Ta miƙa hannu, na ɗora shi a kan hancin motar. Ta shafa daga fitila zuwa fitila, ta bi ƙarfen gaba, ta taɓa taya, ta dawo ta bar tafinta a kan murfin inji ta daɗe.

Ta ce, "Ashe ɗumi gare ta, kamar jaki ya dawo daga kasuwa. Ka ba ta ruwa?"

Na ce za a ba ta, Inna.

Tafiyar kwana tara ce, kuma ga abin da ta koya mini: mota ba ta da kyau ko muni sai an tambayi inda za ta shiga, kuma mai awo ya auna har inda hanya ta lanƙwasa. Lissafi kuwa ga shi. Na fita da dubu tara da ɗari huɗu, na dawo da naira ɗari huɗu da 'yan kai, da mota mai tan goma, saura mako uku da kwanaki a buɗe kasuwa. Hasara: indararo ɗaya, na biya naira biyu da ban haƙuri, fentin gefen hagu, da wata mota mai ƙafa shida da har yanzu nakan gani tana tafiya cikin rairayi ba da ni ba. Riba: shafin hannu guda a kan murfin inji, wanda na hana a wanke har ya ɓace da kansa.