Sunan da Muka Je Nema Baure

Mun tashi da asuba daga Kano cikin motar Fijon kamfani, ni da direba da Ilu mai gambara, wanda duk saboda shi ake tafiyar. Aikina a kamfaninmu na faifai shi ne rubuta sunayen da ake bugawa a bayan kwali: wa ya yi kiɗa, wa ya yi murya, wa ya tsara kalmomi. Ilu ya zo ya zuba mana zance a kan ganga, baki kamar ana zazzage tsaba a kwano, an ɗauka a rikoda, ya yi kyau. Da na tambaye shi mai kalmomin, sai ya ce tsohuwarsa ce, kuma in babu sunanta kada faifan ya fito. Na ce to faɗi sunan. Ya dube ni kamar na zage shi.

Ga shi dokar kamfani sai mai suna ya dangwala yatsa, takardun kuma ranar Litinin za su wuce Ikko. In suka tafi babu nasa, faifansa na farko ya sha ruwa. Na ce da manaja ya bar mini, ban taɓa fita neman suna na dawo hannu rabbana ba.

Hanyar Kazaure ta yi kyau, kwalta sabuwa fil. Tun da aka yi ƙarin albashin nan kowa ya zama mai babur, har da waɗanda ko keke ba su iya ba. Manyan motoci kuwa sai wuce mu suke, shaƙe da siminti, wasu sun nufi Kongolam, bakin iyakar Nijar. A Daura muka karya da fura, mai nonon ta ce ludayin da muka sani na kwabo yanzu ya tashi, mu je mu tambayi masu man fetur. Direba ya nace sai ya sha ruwan rijiyar Kusugu, muka bar shi ya sha. Daga Zango kwalta ta yi mana sallama, muka shiga rairayi, sau biyu muna tura mota.

A nan Ilu ya fasa mini ƙwan. Shi ne ɗan fari. Tun da uwar ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta yi masa magana a gaban mutane, kakarsa ce ma ta raine shi tun daga yaye. Baitocin nan ta bayan danga ya riƙa tsintarsu, in uwar tana niƙa tana rerawa.

Mun isa Baure, garinsu Ilu, da azahar. Ƙanwar tsohuwar ce ta tarbe mu, ta kawo dambu da man shanu wanda har yau nake santinsa, ita ce kuma ta raɗa mini sunan: Dije. Ita mai sunan tana bakin ɗaki, ta ba mu baya tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na yi bayani tiryan-tiryan. Ta ce, "Malam, ni ban san wata waƙa ba. Wancan ɗin ma ban san abin da yake yi a duniya ba."

Ilu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa ban ja da ita ba, na sa direba ya ɗauko rikoda, na kunna gambarar da Ilu ya yi. Mata suka cika gidan, ana ta shewa. Hannun tsohuwar bai daina tsintar wake ba, sai da aka kai tsakiya. Ta ja tsaki, ta dubi ƙanwarta.

"Ki gaya wa wancan ya tsallake baitin gero. Ya tashi daga baitin tsaki ya faɗa na gari, ba a haɗa su."

Na ce, "Ashe Inna kin san ta."

"Yo ba ni na yi ta ba, yana goye a bayana?"

Gida ya ɗauki dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Na matsa da takarda da tawada. Ba ta yi boko ba, sai ta tambaye ni a hankali, yadda ba mai ji, ina aka rubuta na wancan. Na nuna mata. Layinta yana can ƙasa, amma ta kai yatsanta dab da sunansa ta danna, ta daɗe ba ta ɗaga ba. Ban gyara mata ba, kuma ban ga wanda zai sa ni in gyara ba. Ilu ya fita waje wai zai duba taya.

Mun shigo Kano dare ya yi, takarda ta kama motar Litinin. Da can ina ganin aikina cike layi ne kawai, tafiyar nan ta fitar da ni daga wannan tunanin. Faifan zai fito da baitin gero a tsallake, ba yadda za a yi. Amma a bayan kwalin na sa an jera su a layi ɗaya, Dije da Ilu, uwa da ɗan da shekara arba'in ɗayansu bai taɓa furta sunan ɗaya ba.