Waken da Marlys Hovland ke ɓoyewa a saman firji

Marlys Hovland 'yar manoma ce, a gonar alkama ta tashi can arewacin jihar Minnesota ta Amurka. Da mahaifinta ya sayar da gonar sai ta dawo cikin gari, ta auri Arlen mai gyaran tarakta, ta mai da falonta gidan renon yara. Waɗanda ta fara goge wa majina su ne yanzu ke kawo mata nasu 'ya'yan. Ba ta cika sayen kayan koyarwa ba. Da tsaba take koya wa yara ƙirga, da ganye take koya musu launi, kuma sai yaro ya iya riƙe tana a tafin hannunsa bai murƙushe ta ba take yarda ya fara hankali.

Duk shekara idan ƙanƙara ta fara narkewa, kowane yaro zai sami kofin takarda da sunansa a jiki. Ya cika shi da ƙasa, ya tura ƙwayar wake da ɗan yatsa, a jera a bakin taga. Amma Marlys na da rauni guda: ba ta iya ganin yaro tsaye gaban kofin da bai tsiro ba. Shi ya sa take shuka na ajiya a saman firji, inda akwai ɗumi kuma idon yara ba ya kaiwa. Duk wanda nasa ya ƙi, kafin a kawo shi da safe ta rubuta sunansa a sabon kofi ta musanya.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Arlen duk lokacin da ya kama ta. "Mace tana jan waƙa a coci, tana damfarar 'yan shekara huɗu a gida."

"Shanye shayinka ka tafi wurin ƙarafanka. Kai ka taɓa lallashin yaro?"

A bana cikin yaran akwai Linnea, yarinya marar yawan magana. Kakanta ya rasu a tsakiyar sanyi, lokacin ƙasa ta daskare kamar dutse, aka ajiye gawar a ɗakin maƙabarta ana jiran ƙasa ta saki a haƙa kabari. Linnea ta ɗauki son duniya ta ɗora wa wakenta. Ruwa da safe, ruwa bayan abinci, ruwa idan an juya baya, har gindin kofin ya fara yoyo. Na kowa ya leƙo, nata shiru. Marlys ta san ruwa ya kashe shi, ta yi abin da ta saba.

Washegari Linnea ta shigo, ko rigar sanyi ba ta cire ba ta nufi taga. Marlys na jiran tsalle da ihu, sai ta ga yarinya ta tsaya cak.

"Malama, ya dawo."

"Wa ya dawo, 'yata?"

"Wakena. Jiya da kina canza wa jariri ƙunzugu na tona. Ya mutu, ya yi baƙi, yana wari. Sai na rufe shi na ƙara masa ruwa." Ta taɓa ganyen da ɗan yatsa. "Ga shi ya tashi."

Sannan Linnea ta juyo wajen Marlys.

"Mama ta ce ran Asabar za a sa Kaka a ƙasa. Ki ara mini butar ban ruwa, jar nan. Zan dawo miki da ita idan ya fito."

Marlys ta dubi butar. Tana iya shafa kan yarinyar ta ce a je a wanke hannu, uwarta ta ji da sauran. Amma ita ta ƙulla wannan, ba uwar ba, kuma har ta hango Linnea tsugune a bakin kabari da buta, tana jira. Tsoro ya kama ta, kunya ta rufe ta.

Ta jawo kujera ta hau, gwiwoyinta na ƙara, ta sauko da tsohon kofin da ba ta kai ga zubarwa ba daga saman firji. Ta zauna a ƙasa daidai tsawon yarinyar, ta kau da ƙasar da cokali har baƙin waken ya bayyana.

"Wannan ne naki. Bai tashi ba. Na taga nawa ne, ni na canza miki."

Linnea ta dubi kofin, ta dubi sunanta a jiki. "Ƙarya kika yi?"

"Ƙarya na yi."

"Kaka fa?"

"Kaka ma ba zai fito ba, 'yata, ko an zuba masa ruwa. Abin da ya mutu ba ya tashi."

Kukan da Marlys ta yi shekaru tana kauce wa ya zo gaba ɗaya, har sauran yaran suka bar wasa suka tsaya kallo. Ba ta ce mata yi shiru ba. Ta dai rungume ta har wuyan rigarta ya jiƙe, ita ma tana nata a hankali.

Da kukan ya lafa, Linnea ta goge hanci da hannun riga. Ta je taga ta ɗauko kofin mai ganye ta miƙa wa Marlys.

"Ungo naki."

Sannan ta ɗauki nata da hannu biyu, ta yi ɗage ta ajiye shi a gurbin, tsakanin korayen tsiron sauran yara.

"Yana wari fa," in ji wani yaro.

"Na sani," in ji Linnea. "Nawa ne."