Takarda ta Ƙarshe da Muka Karanta Tare

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Afrilu, Allah ya karɓi ran malamina kuma abokin aikina, wanda duk ma'aikatarmu ke kira Mai Jan Biro. Ya rasu a gidansa, a gaban iyalinsa, bayan ya sha jinyar ciwon hanta. Ina zaune a ofis labarin ya iske ni, na ɗaga kai na dubi teburinsa.

Malam, bari in faɗa wa mutane aikin da muka yi, don da yawa ba su san da shi ba. Likitoci da masu bincike kan lafiya suna aiko mana da takardunsu, wasu na son a buga abin da suka gano, wasu na neman tallafin fara sabon bincike. Ƙa'ida ita ce mutum biyu za su karanta kowace takarda, kowa shi kaɗai, sannan su haɗa ra'ayi. Kai ne na farko, ni ne na biyu, shekara da shekaru, a wannan ɗaki na ƙarshen baranda mai taga ɗaya da butar shayin da murfinta ya fashe.

Ba aikin tara masoya ba ne. In muka shiga wurin cin abinci sai hira ta ɗauke, wanda muka mayar wa da takardarsa ya sha kunu, ya duƙufa a kan farantinsa. Kai kuwa ko a jikinka. Sai ka ja kujera ka ce da ni, "Zauna, ai mun samu wuri babu cunkoso." Mu biyu muke ci, mu biyu muke komawa.

Ba ka taɓa fara karatu daga shafin farko ba. Tsakiya kake buɗewa, ka duba marasa lafiya nawa aka fara da su, nawa suka kai ƙarshe, sannan ka tambayi inda sauran suka shiga. Na sha jin ka kana magana da takarda kamar mai ita na tsaye a gabanka: "To, likita, waɗanda suka daina zuwa fa, warkewa suka yi ko binne su aka yi?" Amma duk jan bironka ba ka da mugunta. Akwai wata matashiyar likita da ta shigo da hawaye saboda mun ƙi takardarta. Ka ba ta kujerarka, ka haɗa mata shayi, kuka bi takardar layi-layi har ta gane inda ta kauce. Yau ita ke koya wa wasu.

Ban manta ranar da aka kawo mana sanarwar neman masu son tallafi ba, shafi a kan shafi, manyan kalmomi sun hau juna. Ka miƙe a taron shugabanni ka karanta ta da ƙarfi, ka ajiye, ka ce, "Ranku ya daɗe, wa ake gayyata a nan?" Kowa ya kalli ɗan'uwansa. Ka zauna ka mayar da ita shafi guda, da maganar da kowa zai gane. A wannan shekarar ne ungozomomin ƙananan asibitoci suka fara aiko mana da buƙatunsu.

Da ciwo ya ci ƙarfinka, aka kawo wa iyalinka labarin wani sabon magani a wani asibiti mai nisa. Sai an ɗauke ka an kai ka can, ka yi watanni kai kaɗai, maganin kuma mai wahalar da jiki ne ƙwarai. Hajiya, matarka, ta riƙe wannan labari hannu bibbiyu, kuma wa zai ga laifinta? Kai kuwa ka ce a kawo maka takardar binciken da aka yi a kan maganin. Ka karanta a gadon asibiti, ka ninke, ka ce, "A ba na biyuna ya gani."

A barandar asibitin Hajiya ta tare ni. Ta ce, "Ƙanina, maganarka kaɗai yake ji. Don Allah ka ce masa takardar nan tana da kyau. Ko da ba ta da kyau, ka ce tana da kyau."

Na tafi da takardar gida ina addu'ar in same ta da kyau. Wallahi ban taɓa karanta wata takarda ina neman dalilin amincewa da ita kamar wannan ba. Amma babu wasu marasa lafiya da aka kwatanta su da waɗanda suka sha maganin, kuma waɗanda suka rasu ko suka kasa jurewa an cire su daga lissafi. Washegari na tsaya a gefen gadonka, Hajiya na zuba mini ido, na faɗi abin da na gani. Ka yi murmushi ka ce, "Haka na gani ni ma. A mayar da ni gida wurin jikokina." Hajiya ta tashi ta fita. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita.

Da na je yi mata ta'aziyya, ta bari sai da mutane suka ragu, sannan ta ce, "Da ya je fa?" Na ce, "Hajiya, takardar ba ta nuna zai warke ba. Amma in ce miki da ya je ba zai warke ba, wannan ban sani ba." Ta daɗe tana kallona, sannan ta kawar da kai.

Malam, kaɗaici ya dame ni. Takardu na ci gaba da zuwa, ina karantawa, ina ɗaga kai in yi maka tambaya, sai in ga kujera. A wurin cin abinci ni kaɗai nake zama. Tambayar Hajiya kuma tana bi na har gida, kuma babu wanda zan kai wa ita, domin wanda zai gane nauyinta shi ne muka binne.

Ya Allah ka jiƙan bawanka, ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kankarar zunubi. Marasa lafiyar da tsantseninsa ya kare ba tare da sun san sunansa ba, ka sa su zame masa haske ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa da 'yan'uwansa, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa.

Ke kuma Hajiya, Allah ya sanyaya miki zuciya. Ban zo neman ki ce na yi daidai ba. Roƙona guda ne: in dole sai zuciyarki ta riƙe wani a kan wannan magana, ki riƙe ni, shi ki yafe masa.