Ƙarar da aka jefa a tafki

Shekara arba'in ke nan da muka kai Yaya Tanimu makwancinsa, kuma har yau idan na zo wucewa ta gidan niƙa sai na rage tafiya. Ba wai ina son ƙarar injin ba ne, Allah ya sani kunnena ya gaji da ita. Yaya Tanimu ne ya saba mini da tsayawa. Yakan kama hannun rigata ya ce, "Saurara, akwai wani abu a ƙarƙashi." Ni kuwa ban taɓa jin komai a ƙarƙashi ba, ban da masara tana zama gari.

Tanimu wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mai gyaran rediyo ne a tsohon Zongon Lome, wanda ke tsakiyar gari kafin a tashe mu. Hannunsa na da kyau, amma kansa, in za a faɗi gaskiya, ba irin namu ba ne. Yana da wata rakoda mai madauri da ba ta rabuwa da kafaɗarsa. Mutane na ɗaukar waƙa ko wa'azi a kaset, shi kuwa ƙarfe yake ɗauka: injin niƙa, jirgin ƙasa yana jan birki, guduma a maƙera. Lokacin ina aikin malanta a tashar jiragen ruwa, sai ya biyo ni har can don kawai ya ɗauki kukan injin ɗaga kaya. In ya koma shago ya yanka zaren kaset da reza, ya haɗa da jan farce, ya ɗora wannan ƙara a kan waccan, ya doki kwanon rufi da sanda, sannan ya kafa baki ya yi ihu a kai. Ya kira abin nan kiɗa. Na sha gaya masa cewa ko akuya aka kunna wa sai ta tsinke igiya.

Matasan yau ba su san zamanin ba, sai na ɗan yi musu bayani. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma kowace unguwa tana da ƙungiyar da ake kira animasiyo: a ɗinka kaya iri ɗaya, a jera a rana, a yi ta waƙa da rawa ana yabon Mai Ƙasa. Waƙoƙin suna da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma in mutum zai ambaci gwamnati a ɗakinsa sai ya fara leƙa taga. Tanimu ya taɓa ce mini, "Gari duka yana waƙa, ba wanda ke cewa komai. Gara injin, shi abin da ke cikinsa yake faɗa." Na ce ya rufa mana asiri ya rage murya.

Ranar da katafila ta shigo tsohon Zongo, da rana tsaka, kowa yana ta kansa. Mata na jan tukwane, maza na cire ƙofofi kafin bango ya faɗo a kansu. Matar Tanimu na goye da 'yarsu Ramatu tana kiransa ya zo ya kama katifa. Shi kuwa yana tsaye a kan ɓaraguzan shagonsa, ya ɗaga rakoda sama da hannu biyu, bai ko ƙifta ido ba. Duk unguwa ta gan shi a haka, kuma ba wanda ya manta.

Bayan an kwashe mu zuwa sabon Zongo, can arewa da gari inda ba ruwa ba inuwa, dattawa suka kafa majalisa a rumfar Alhaji Dogo mai goro. A nan wata rana Malam Isa direba ya ce ƙasar da ke rushe masallaci tana rawa ba za ta ga daidai ba. Ba a yi mako ba wasu mutane suka zo da mota marar lamba suka tafi da shi. Da ya dawo bayan watanni, ba haƙoran gaba, kuma bai sake yin doguwar magana ba har ya bar duniya. Sai aka zauna ana tambaya: wa ya kai rahoto? Ba a daɗe ana nema ba. Mutum ɗaya ne a Zongo ke yawo da na'urar ɗaukar murya.

Daga nan shiru ya fara riga shi shiga wuri. In ya nufo rumfar goro, tun yana nesa hira take mutuwa. In ya shiga layin famfo, mata su yi tsit, sai ƙarar ruwa a bokiti. Ana amsa masa sallama, ana cika ta har da wabarakatuhu, sannan kowa ya zuba wa ƙasa ido. Mutumin da ya ba da ransa ga sauti ya wayi gari duk inda ya sa ƙafa ba abin ji. Rediyoyi suka daina zuwa shagonsa. Ni kaina a wurin aiki aka fara sauya zance in na shigo.

Bai zauna ba. Ya ɗauki kaset-kaset ɗinsa ya kai rumfar, ya ce, "Alhaji, ga su nan duka. A kunna kowa ya ji, in da muryar mutum a ciki ku yi mini abin da kuka ga dama." Aka kunna. Ƙarar ta cika rumfar, niƙa da katafila da ihu. Alhaji Dogo ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Tanimu, mu ba yara ba ne. Ba mai hankalin da zai ɓata batir a kan wannan. Ƙarar nan rufa-rufa ce kawai. Su can suna da injin da ke tace ta, maganarmu ta fito." Kowa ya gyaɗa kai. A zamanin nan wannan bayanin ya fi shiga hankali a kan a ce mutum yana jin daɗin kukan ƙarfe.

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, bai kai hamsin ba. Sahun jana'izarsa ba zan so in siffanta shi ba. Bayan addu'ar bakwai dattawa suka zo gidan, suka ce a fito da kaset ɗin kafin mutanen gwamnati su zo nema. Na yi magana, ba a saurare ni ba, matarsa kuma tsoro ya gama da ita. Aka zuba su a buhun goro, aka sa dutse, aka ɗaure, aka kai tafkin da ya ratsa gari aka jefa. Ramatu tana 'yar firamare lokacin. Ta girma ana kiranta ɗiyar mai rahoto, da ta sami hanyar fita kuwa ba ta waiwayo ba sai a Kanada, inda take aiki a ɗakin gwajin jini.

Bana ta zo gida. Ta same ni a gidana a unguwar Adidogome bayan azahar, ko ruwa ba ta gama sha ba ta kira ni baffa da Faransanci kamar yadda ta saba, ta ce, "Tonton, zauna. Akwai abin da nake so ka ji, amma kada ka ce komai sai ya ƙare." Ta haɗa wayarta da lasifika.

Na ji kamar an buɗe kabari. Ganga tana bugu da saurin da hannun mutum bai kamata ya iya ba, jita tana gurzar ƙarfe, injina suna numfashi a bayansu, ga wani yana ihu kamar ana fitar da shi daga gidansa. Ƙara a kan ƙara a kan ƙara, yadda Tanimu ke jera su. Can a tsakiya hayaniyar ta ɗan ja baya, sai murya ɗaya siririya ta taso, mai tsabta, tana waƙa. A kaset ɗin ranar rusau akwai wuri irin wannan, inda direban katafila ya kashe injin, aka ji ladan yana kiran salla a masallacin da ba shi da rufi. Ina zaune a falona da fanka tana juyawa, amma sai da na ji ƙurar bulo a maƙogwarona.

Ta ce wani abokin aikinta, yovo, Bature ke nan a bakin mutanen nan, shi ya rage mata hanya ya kunna wannan a mota, ta ce ya tsaya a gefen titi don numfashinta ya ɗauke. Wata ƙungiyar makaɗa ce ta can Kanada, irin masu kiɗan da suke kira na ƙarfe. Sun yi faifan ne fiye da shekara goma bayan rasuwar Tanimu, ba su taɓa taka Togo ba, kuma a kan babban birni suka yi shi, yadda yake niƙa mutanen cikinsa. Masana wannan kiɗa, in ji ta, suna sa shi cikin mafi kyawun da aka taɓa yi. Ta ce, "Ana tafa musu, Tonton. Shi kuwa an jefa nasa a ruwa. Ina so Alhaji Dogo ya ji, ya faɗa da bakinsa cewa babana ba munafuki ba ne."

Alhaji Dogo shi kaɗai ya rage a 'yan rumfar. Idonsa ya tafi, amma kunnensa garau. Muka same shi da hantsi a ƙofar gida, na gabatar da ita, ya sa mata albarka sama-sama. Ta kunna. Bai yi minti ɗaya ba ya miƙe zaune, carbi ya zame daga hannunsa.

"Wa ya tsamo buhun?" ya tambaya. "Da hannuna na ɗaure shi."

"Ba wanda ya tsamo, Baba," in ji Ramatu. "Wannan na wasu Turawa ne. Kiɗa ne, sayar da shi ake yi, mutane na saya don su ji daɗi."

"Ba magana a ƙarƙashi?"

"Ba komai a ƙarƙashi. Haka abin yake."

Ya sa ta ta maimaita. Ya saurara har wurin siririyar muryar nan, leɓɓansa na motsi. Da ta kashe, unguwar ta yi shiru irin wanda na sani. Na ɗauka zai nemi gafara. Abin da ya fito daga bakinsa daban ne, kuma ba mu yake tambaya ba.

"To in ba Tanimu ba ne, wa ya kai Isa? Mu nawa ne a rumfar nan. Duk na yi musu sallar jana'iza, duk na yi musu shaidar kirki."

Ya lalubo hannun Ramatu ya riƙe, ya ce, "Ɗiyata, ubanki ba munafuki ba ne. Mu ne muka ji tsoro. Ranar Juma'a ki sa a kai ni masallaci, zan faɗa a lasifika." Ya kuwa faɗa. Akasarin waɗanda suka ji ba su san ko wane ne Tanimu ba, wasu samari ma suna ta ɗaukarsa a waya. Ramatu tana bayan labulen mata, kuma ta ji.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau, da kowane ɗan zemijan, mai babur ɗin haya, ke da rakoda a aljihu, ana ɗaukar mutum yana cin tuwo ba ya ko ɗaga kai. Ina jin zai yi dariya, sannan ya nemi aron wayar ya nufi gidan niƙa. Ban sani ba ko zai ji daɗin faifan Kanadan nan. Na fi zaton zai ce sun yi ƙoƙari, amma katafilarsu ba ta gaske ba ce.

Abin da ya rage nasa kaɗan ne. Ba kaset ko ɗaya, shagon ya zama wurin ajiye motoci, hotonsa guda ne kuma ya dushe. Akwai sunansa, wanda aka mayar wa 'yarsa bayan ta yi furfura, ina kuma gode wa Allah da na ga ranar, ko da yake raina yana ɓaci in na tuna shi bai gan ta ba. Allah ya ji ƙan Yaya Tanimu, ya ji ƙan Malam Isa. Jiya na bi ta gadar tafkin, na sa mai babur ya tsaya ya kashe injin. Ya tambaye ni ko wani abu na yar. Na ce masa ya yi shiru, akwai wani abu a ƙarƙashi.