Daminar da Baba ya yi a cikin bas

Mahaifinmu dillalin dabbobi ne kafin ciwon sukari ya kama shi. Likita ya ɗora shi a kan allurar da sai an ajiye ta cikin sanyi, don haka zamansa ya koma gida a Daura, kusa da firjin wani maƙwabcinmu mai janareta. Gonarsa tana bayan Zango, kuma tun yana saurayi can yake tarewa idan ruwa ya sauka. A shekarar da ciwon ya kama shi ba mu bar shi ya je ba. Bai yi ƙorafi ba, amma na lura abinci ya daina yi masa daɗi.

Yayana mai haɗa sola ne. Da rani ya dawo daga Kano da wasu akwatunan ƙarfe masu nauyi, ya ce batura ne da aka kwance daga wata mota mai aiki da lantarki da ta yi hatsari. Motar ta tashi daga aiki, amma baturan da sauran ransu, firji da fanka ba za su gagare su ba. Mu kuwa muna da tsohuwar bas da Baba yake zuwa kasuwannin dabbobi da ita, tana ƙofar gida, awaki na shan inuwa a ƙarƙashinta.

Yaya ya cire kujerun baya ya kafa gadon katako. Ya bi baturan ɗaya bayan ɗaya yana aunawa, ya ware waɗanda suka yi rauni, sauran ya haɗa su da wata 'yar na'ura mai yanke wuta idan sun cika ko sun ɗauki zafi. Farantan sola ya ɗaure su a kan rufi, a ciki kuma ya sa ƙaramin firji da fanka da fitila. Ni na ɗinka labule. Da farko a ƙarƙashin gado ya jera baturan, sai Inna ta ce ta ji ana cewa irinsu na kamawa da wuta, ba za ta yarda mijinta ya kwana a kansu ba. Yaya bai yi musu ba, ya mayar da su can baya, ya yi musu akwati mai kafofin shan iska.

Ranar da aka gama, Baba ya leƙa ciki ya daɗe yana kallo.

"To, wannan gida ne ko mota?"

"Duka biyun ne, Baba. Ga allurarku a firji," in ji Yaya.

Da ruwan shuka ya sauka muka tafi, ni da Baba da Inna. Mun so mu ajiye motar a gindin tsamiya, amma farantan rana suke so, sai ta zauna a fili, mu muka koma inuwar da tabarma. Fulanin da suke zaune gefen gonar suka fara kawo wayoyinsu caji, matansu na zuwa mana da nono da man shanu.

A tsakiyar damina aka jera kwanaki ana marka, rana ba ta leƙo ba, wutar baturan ta yi ƙasa sosai. Muka kashe fanka da fitila, muka ba masu waya haƙuri, firjin kaɗai muka bari. Inna ta ce mu koma gari kafin allurar ta lalace. Baba ya ce mu jira zuwa azahar ɗin gobe, idan rana ba ta fito ba shi da kansa zai tuƙa mu. Washegari da hantsi gari ya washe, wutar ta fara hawa a hankali, ba mu tafi ba.

Ba ya iya noma kamar da, amma kullum da safe yakan zaga gonar da sandarsa, ya dawo da raɓa a ƙafar wando yana gaya mana inda gero ya fi kyau. Muna can har aka yi girbi. Da za mu dawo damman geron suka cika gadon har rufi, Inna ta zauna gaba tana riƙe da ƙwaryar man shanu a cinyarta.