Ɓeran da ya jira Auwalu

Jama'a, wanda zai ƙaryata ya ƙaryata, amma wallahi a gabana aka yi wannan, shekarun baya, lokacin ina aikin kula da ɓeraye a wajen wata malamar jami'a da muke kira Dakta. Eh, ɓeraye, ku yi dariyarku, matata ma ta yi ta gaji.

Aikin Dakta shi ne duba abin da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera ke yi yana farke da yana barci. Ana dasa masa siririyar waya a ka, a jona da kwamfuta, sai ka ga layi yana gudu: in yana farke layin ƙanana ne masu sauri, in barci ya yi nauyi su zama manya masu tafiyar hawainiya, in ya shiga mafarki su sake ƙanƙancewa alhali jikinsa ya saki. To ɓera da rana yake barci, ga hayaniyar magina a makaranta, ga mahaifinta kwance da shanyewar ɓarin jiki, sai ta nemi izini muka kwashe kayan zuwa gidansu a wani ƙauye gefen Tofa, muka kafa sola a shagon da ke jikin ɗakin Baba.

Baba ba ya magana, ba ya buɗe ido. Inna, matarsa, ta ce abu ɗaya ya riƙe shi: babban ɗansa Auwalu, da suka saɓa kan gona ya yi Kudu bai waiwayo ba. An dai samo shi a waya, ya ce yana tafe.

Ita Innar ce ta gan ni ina ƙwanƙwasa keji don in tashi wani farin ɓera, ta ce, "Kai ɗan nan, ba a tashin mai barci babu sallama, ka san inda kurwarsa ta je?" Na ce to Inna, a raina ina cewa tsufa ke nan.

Sai ga shi na lura, duk sanda ɓeran nan ya shiga mafarki, ta bango nake jiyo Baba yana gunaguni, yana kiran sunayen gonakinsa. Da ɓeran ya farka, shiru. Na gaya wa Dakta, ta ce dacewa ce kawai, amma daga ranar ba ta ƙara sa ni tashinsa ba.

Ranar da Auwalu zai iso, bayan azahar, na leƙa keji na tarar ɓeran ya mutu. Na taɓa shi, ya sandare, har tururuwa ta fara hawa. Na ɗaga kai, layi na nan yana gudu, layin mafarki, Baba kuma yana ta gunaguninsa. Na kai hannu zan zare wayar, Dakta ta riƙe ni ta ce, "Malam, don Allah bar ta."

Ga hadari ya haɗo, rana ta ɓuya, batir sai ƙasa yake yi. Muka kashe fanka, muka zare cajin waya, muka zauna muna kallon gawar ɓera kamar masu zaman jinya. Dakta dai sai jan carbi take yi.

Ana kiran la'asar muka ji sallamar namiji a zaure. Na rantse da Wanda raina ke hannunSa, layin nan ya juye irin na farke. Ta bango na ji muryar da ban taɓa ji sarai ba ta ce, "Auwalu, ka iso? Na yafe maka." Sai layin ya miƙe ɗoɗar, sannan salatin Inna ya biyo baya. Batir kuwa da sauran caji a cikinsa.

Ban tambayi Dakta ba, ita ma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni dai har gobe ba na tashin ko jaririna sai na yi masa sallama, ku ma ku riƙa yi.